Kulob ɗinmu na ranar Asabar: sun koya min wa zan faɗa wa da wanda ba ruwansa

Wannan bayani ne a kan kulob ɗin matasa masu ɗauke da HIV da ake yi a asibitin da nake karɓar magani a nan Kano. Ba zan kama sunan asibitin ba don akwai abubuwan da zan faɗa waɗanda ba daɗin ji, ni ma kuma ba zan faɗi nawa sunan ba, dalilin ma ai shi ne kan maganar gaba ɗaya. Tsarin na ƴan shekara 10 ne zuwa 24, ni kuma na kusa kai ƙarshen layin, baɗi za su miƙa ni ɓangaren manya, shi ya sa na ce bari in faɗi yadda na gan shi tun ina ciki, ko wata uwa ko goggo da ke riƙe da yaro tana ta juya abun a ranta, ko wani saurayi ko budurwa da rizal ya fito musu kwanan nan sun rasa wa za su tunkara, su san akwai irin wannan wajen kuma su san abun da za su tarar.

Sau ɗaya ake haɗuwa a wata, ranar Asabar, ranar da ɓangaren manya ba ya aiki, saboda haka ba za ki zo ki tarar da maƙwabciyarku a kan benci tana ƙare miki kallo ba. Tsarin da suke bi sunansa OTZ, wato Operation Triple Zero, shirin sifiri uku, a Kenya aka fara shi a 2016 daga baya aka kawo shi asibitoci da yawa a Najeriya, kuma sifiri uku ake nema daga kowane yaro, kar ka tsallake ranar ganin likita, kar ka tsallake shan magani, sannan ƙwayar cutar ta yi ƙasa a jininka har na'ura ta kasa ganinta. Ba a biyan ko sisi. Ana auna nauyi, a duba fayil, wanda lokacin ɗibar jininsa ya yi a ɗiba, a karɓi magani a famasi, sannan a zauna hira. Ana raba mu gida-gida, ƙanana daban, ƴan tsakiya daban, mu manya daban, kuma wannan rabon ba don ado aka yi ba, akwai ƙananan da har yanzu ba a gaya musu sunan ciwon da suke sha wa magani ba, in aka haɗa su da mu wani zai iya sakin baki. Mai kula da mu wata nas ce babba, kowa Anti yake ce mata, sai wasu ƴan cikinmu da aka ba horo suna taimaka mata, camfiyon ake ce musu.

Kafin a zo maganar ka faɗa wa wani, sai an fara faɗa maka kai kanka tukuna, kuma a nan ne gidaje da yawa suke kwafsawa. Yawancinmu da abun aka haife mu. Ni Goggo ce ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata, na taso ina shan magani safe da yamma ana ce min na sikila ne, a kulob na gane ba ni kaɗai ba ce, wani an ce masa maganin asma ne, wata an ce na ƙarin jini, wani yaro ma cewa aka yi na ƙwaƙwalwa ne don ya dinga cin jarabawa. Matsalar ita ce yaro ba ya zama yaro har abada, yana shiga sakandare zai karanta sunan da ke jikin kwalbar ya buga a Google, ko ya ga lafiyarsa ƙalau ya fara zuba ƙwayar a masai tunda ba wanda ya ba shi dalilin da zai sa ya dage. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da ba da shawarar a dinga buɗe wa yaro maganar kaɗan-kaɗan daidai hankalinsa, kafin ya wuce shekara 12 ya zama ya san gaskiya gaba ɗaya. Haka Anti take yi. Ta fara da ce wa yaro akwai sojoji a jininka masu kare ka, akwai kuma wata ƙwayar cuta da ke kashe su, wannan maganin shi yake sa ta barci. Sai an kwana biyu, ta ga ya riƙe wannan, sannan a zo ga sunan, kuma ba ta faɗa sai mai riƙon yaron yana zaune a wajen.

Da Goggo suka fi shan daga. Ita Goggo tsayawa ta yi a kan ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, in aka gaya min zan je in faɗa wa ƙawaye a Islamiyya shi ke nan an tona asirin gida da na marigayiya. Anti ba ta yi mata gardama ba, kiranta ta dinga yi ita kaɗai ba ni, tana ce mata Hajiya tsoronki gaskiya ne, amma gara ta ji daga bakinki da ta ji a bakin ƴan unguwa ranar da faɗa ya haɗa su. Wannan haƙurin da take yi da iyaye gaskiya ya cancanci yabo, don da yawansu ba taurin kai ba ne, uwa ce take tsoron tambayar da za ta biyo baya, wato Umma ke a ina kika samu.

To yanzu ga abun da ya sa nake ganin kulob ɗin ya fi ƙarfin wajen karɓar magani kawai. Zaman da ake yi da mu manya a kan faɗa wa mutane. Ni da farko na ɗauka za a ce mana mu fito fili mu daina jin kunya, irin maganganun da ake yi a rediyo ranar 1 ga Disamba, ranar yaƙi da HIV ta duniya. Ashe ba haka ba. Abu na farko da Anti ta ce shi ne ba dole ba ne, sirrinki ne, kuma ƙin faɗa wa wanda abun bai shafa ba ba ƙarya ba ce ba kuma munafunci ba. Wallahi wannan maganar kaɗai ta sauke min wani nauyi da na daɗe ina ɗauke da shi, don kullum in muna hira da ƙawata ta buɗe min cikinta sai in ji kamar ina cutarta. Sai ta ce kafin ki buɗe baki ki tambayi kanki me nake so wannan mutumin ya yi min in ya sani, in amsar ita ce ba komai kawai ina son in huta ne, to ki zo nan ki huta, ga mu. In kuma akwai abun da zai yi miki, ya tuna miki magani, ya rufa miki asiri ranar da za ki fita asibiti, ya raka ki in jikinki ya motsa, sai ki duba yaya yake yi da sirrin wasu, wanda yake kawo miki labarin mutane zai kai naki. Sannan in ya juya miki baya a ranar ina za ki kwana, wa ke biya miki kuɗin makaranta. Wannan ta ƙarshen ita ce ba na jin ana faɗa a ko'ina, alhali akwai yarinyar da a gidan kawunta take zaune, in matar kawu ta ji sai a ware mata kofi da kwano, ko ma a haɗa mata kaya.

Akwai dabarar gwada ruwa da suka koya mana wadda ni na yi amfani da ita. Ba ki fara da kanki, sai ki kawo zancen daga nesa, ki ce jiya na ji wani shiri a rediyo wata mata mai HIV tana cewa ta haifi ƴaƴa uku duk lafiya lau, sai ki yi shiru ki saurara. Wani zai ce Allah sarki, ai yanzu akwai magani. Wani kuma zai ce tab, ai ni ko gaisawa ba zan yi da su ba, duk ƴan iska ne. Kin samu amsarki ba tare da kin yi asarar komai ba. Kuma sun hana mu faɗa ta waya, ba ta chat ba ba ta voice ba, saboda sikirinshot, yau kuna shiri gobe kun ɓata an tura wa duniya. Baki da baki, a wajen da za ki iya tashi ki tafi in abun ya juya, ba da daddare ba, ba ana tsakiyar faɗa ba.

Sai wasan kwaikwayon da ake sa mu yi, wanda da farko duk dariya muke ɗaukarsa. Ana ajiye kujeru biyu a tsakiya, ɗaya ta zama mai faɗa, ɗaya ta zama ƙawa ko saurayi ko yaya, kuma Anti takan raɗa wa na biyun a kunne irin halin da zai nuna ba tare da mai faɗar ta sani ba. Akwai ranar da wata yarinya mai shiru-shiru ta zauna za ta gwada faɗa wa yayanta, wanda ya fito a yayan kuma aka ce masa ya yi fushi. Ta fara da Yaya dama akwai maganar da nake so mu yi, ta yi ta kewaye-kewaye tana murza bakin hijabinta, maganin nan da kake gani ina sha, dama ba na ulsa ba ne, sai ya daka mata tsawa ya ce ke wa ya ba ki, faɗa min sunansa. Ɗakin ya yi tsit, yarinyar nan ta daskare hawaye kawai ke zuba, don ita da shi aka haife ta, ko saurayi ba ta taɓa yi ba. Anti ba ta katse ba sai da ta ɗan bari, sannan ta ce to kun gani, wannan tambayar za ta zo, daga namiji ko mace, saboda haka ki shirya amsarta tun daga gida, kuma kina da ikon cewa wannan ba yau za mu yi shi ba. Ta kuma nuna mana wani abu da ban taɓa lura da shi ba, in ka ce da shi aka haife ni to ba sirrinka kaɗai ka faɗa ba, ka faɗi na mahaifiyarka, wataƙila har na mahaifinka da na kishiya da ƙanne, don haka in suna raye sai ka fara shawara da su. Aka sake wasan, a karo na gaba yarinyar ta faɗa a jimla biyu ba kewaye, ta ɗora da ina shan magani kuma likita ya ce lafiyata ƙalau. Gajarta maganar ma dabara ce, in kika ja ta da tsawo mutum sai ya ɗauka mutuwa za ki yi gobe.

Ƴan makarantar kwana da ƴan hostel su ma ana ba su nasu lokacin, kuma a nan camfiyon sun fi Anti amfani don su suka yi rayuwar. Maganin da yawancinmu ke sha yanzu TLD ne, ƙwaya ɗaya a rana, ya fi na da sauƙi nesa ba kusa ba, wanda ya sha tsohon maganin mai efavirenz ɗin nan ya san jiri da mafarkan da yake sawa. Amma kwalbar tana da ƙara, in kika ɗaga jaka sai ta yi kacau-kacau kowa ya waigo, shi ya sa ake cusa auduga a ciki, wasu su ɓare takardar jiki. Mai famasi dai ya ce kar a juye a leda ko a bar shi a rana, kuma kar a fitar da ɗan ƙullin nan da ke tsotse danshi. Ana ba da na wata uku, wani har na wata shida in jininsa ya yi kyau, don ya kai hutu. Tambayar da kullum ake gardama a kai ita ce a faɗa wa metiron ko kar a faɗa, don ranar da aka zo binciken loka aka ga kwalba ba suna za a iya cewa ƙwaya kike sha. Shawarar da suke bayarwa ita ce babba ɗaya tak a makarantar ya sani, kuma iyaye ne za su je su yi maganar ba yaron ba. Ni dai ban gamsu da ita ɗari bisa ɗari ba, ya danganta da wace ce metiron ɗin, wata kafin azahar duk ɗakin malamai sun ji.

Gwajin jinin da ake mana, wanda muke cewa bayiral lod, shi ne abun da nake ganin ya canza yadda ake faɗar maganar gaba ɗaya. Yana ƙirga yawan ƙwayar cutar a jini. In ya haura 1000 za a zaunar da kai a bincika me ke hana ka shan magani, bayan wata uku a sake ɗiba. In kuma yana ƙasa da 200 kuma ka ci gaba da shan maganinka, ba ka sa wa abokin zamanka ta hanyar kwanciyar aure, wannan ba lallashi ba ne, bincike ne aka yi a kan ma'aurata da yawa kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya a kai. Haka maganar haihuwa, in ba magani cikin jarirai 100 ana iya samun 15 zuwa 45 su ɗauka daga uwa, in kuwa uwa tana kan magani tun da ciki har shayarwa abun yana saukowa ƙasa da 5. Anti tana cewa kar ki je faɗa wa saurayi hannu rabbana, ki bari takardarki ta yi kyau ki tafi da ita. Kuma in an fito da rizal wanda nasa ya sauka ana tafa masa a ba shi ɗan sitika, abun yara ne amma har mu manya muna so.

Maganar aure ita ce ta fi cin lokaci a ɓangarenmu, dole. Tun a watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwaji kafin aure a Kano, HIV da ciwon hanta da jinotayif da sauransu, kafin nan ma masallatai da yawa ba sa ɗaura aure sai da takarda, haka auren gata da Hisbah ke shiryawa sai an yi gwaji. Saboda haka zancen a ɓoye har a shiga ɗaki ma bai taso ba, Anti kullum sai ta ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ko ba doka ba halal ba ne ka jefa ɗan mutane cikin abun da bai sani ba. Abun da ake tattaunawa shi ne yaushe. In kika faɗa da wuri, wanda ya zo zance sau biyu ya tafi da sirrinki alhali dama ba aure ya kawo shi ba. In kika bari har aka kawo kuɗin gaisuwa aka sa rana aka fara haɗa lefe, to ba ku biyu ba ne kuma, dangi biyu ne, kuma in aka fasa sai kowa ya tambayi dalili. Inda suka tsayar shi ne lokacin da ya ce zai turo magabatansa, kafin su zo. Kuma suna ba da dama ki kawo shi asibitin a ranar da ba kowa, Anti ta zauna da ku biyu, a yi masa nasa gwajin, a yi masa bayanin bayiral lod da maganin kariya na PrEP da wanda ba ya ɗauke da cutar zai iya sha, ya yi duk tambayar da yake jin nauyin yi miki.

Ba zan ce muku kullum yana ƙarewa da daɗi ba. Na ga wadda ta kawo nata ya saurara har ƙarshe, yanzu suna da ɗa kuma shi da yaron duk ba su da shi. Na ga wadda nata ya yi ta kuka a gaban Anti yana rantsuwa ba zai bar ta ba, bayan sati ya toshe lambarta, Allah ya sa dai bai yaɗa ba. Ni kaina na faɗa wa mutum biyu a rayuwata ban da ƴan gida, ƙawata ta tun firamare wadda abun da ta fara cewa shi ne shi ya sa kullum ƙarfe tara kike shiga banɗaki da jaka, sai wani da ya so aurena, shi ya karɓa amma ya ce sai ya shawarci Hajiyarsa, daga nan maganar ta mutu.

Kuma a nan ne nake ganin kulob ɗin ya gaza. Duk horon a kan mutum ɗaya ne za ki fuskanta, alhali a garin nan ba saurayi ne ke yanke hukunci shi kaɗai ba, akwai uwa, akwai yayye mata, akwai kawun da zai karɓi aure. Ba wani shiri na zama da surukai, ba a taɓa kawo mana malamin addini ko sau ɗaya ya zauna da mu ba, bayan kuwa rabin tambayoyin da ke cinmu na addini ne, shin wajibi ne waliyyi ya sani, shin in miji ya yarda dole sai an gaya wa iyayensa. Sannan akwai wani abu da wasu ma'aikatan ke yi da ba na so, da kin kai shekara 20 sai a fara nuna miki wane ma namu ne fa, ku daidaita kawai ku huta. Na san da kyakkyawar niyya suke yi kuma akwai waɗanda hakan ya yi wa daidai, amma bai kamata da baki ɗaya a ce mana ba ma sa wa kowa ba, da ɗaya bakin kuma a nuna mana sai dai mu auri junanmu.

Babban abun haushin kuma shi ne asibitin kansa. A ɗaki ana koya mana riƙe sirri, a waje ginin yana tona mana. Ɓangarenmu yana can gefe shi kaɗai da ƙofarsa daban, duk mai adaidaita sahun da ke tsayawa a bakin get ya san ko su waye ke bin wannan lungun, katinmu ma launinsa daban da na sauran marasa lafiya, in kika ciro shi a jaka kamar kin ɗaga allo ne. In ranarki ta faɗo tsakiyar sati ba Asabar ba, akwai wani mai ɗauko fayil da yake tsayawa a baranda ya ƙwala cikakken suna har da na uba, mun yi ƙorafi an ce za a koma kiran lamba, aka yi na ɗan lokaci aka koma gidan jiya. Akwai kuma masu bibiya da ake turawa gida in mutum ya tsallake ranarsa, niyya mai kyau ce, amma wata ta zo unguwar su wata ƙawarmu da riga mai tambari tana tambayar yara ina ne gidan su wance. A kulob ɗin ne aka karanta mana cewa akwai dokar hana nuna wa masu HIV wariya ta 2014, wadda ta hana a kore ka daga aiki ko makaranta saboda shi, ta kuma hana ma'aikaci ya fallasa ka ba da izininka ba. To dokar tana nan a takarda, amma wace yarinya ce za ta kai ƙara kotu a kan an tona mata asiri, ai zuwa kotun ma wani tonon ne.

Guruf ɗin WhatsApp da aka buɗe mana yana da amfani, nan ake tuna wa juna lokacin magani, da azumi ma nan aka yi ta bayanin yadda za a mayar da shi bayan buɗa-baki ko lokacin sahur tunda sau ɗaya ne a rana. Amma an fara shi da suna mai fallasa da hoton jan kirtanin nan na alamar HIV, sai da ƙanin wani ya ɗauki wayarsa zai yi gem ya gani sannan aka canza ya koma kamar guruf ɗin lesin. Kuma kowa yana ganin lambar kowa, wasu samarin sun mayar da shi wajen neman ƴan mata. In za ki shiga ki sa wa wayarki makulli ki kashe sanarwar da ke fitowa a fuska.

Maza kuwa gaskiya ba a yi musu adalci ba. Mun fi su yawa a zaman, masu ba da shawarar kusan duk mata ne, misalan duk na budurwa ce za ta faɗa wa saurayi. Su suna can baya suna danna waya, da an raba lemo sun gudu. Wani ya taɓa ce min shi matsalarsa ba budurwa ba ce, ogansa ne a gareji da kullum yake tambayar ina yake zuwa, da abokan majalisa da suke tsokanarsa wai ya ƙi shan komai kamar wani liman, kuma ba wanda ya taɓa yin wasan kwaikwayon wannan. Da za a samo namiji babba mai ɗauke da shi wanda ya yi aure ya hayayyafa ya dinga zama da su daban, da an ga canji.

Tun farkon 2025 da gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin da Amurka ke bayarwa a ƙasashen waje, wanda ya taɓa shirin PEPFAR da ke ɗauke da kaso mai yawa na maganin HIV a Najeriya, abubuwa sun ja baya a wajenmu. Magani dai alhamdulillahi ni ban taɓa zuwa aka ce babu ba, amma kuɗin mota da ake ba yara da ɗan abincin rana sun tsaya, wasu camfiyon da ake ba alawus sun daina zuwa, kuma yaran da ke zuwa daga ƙauyukan gefen gari, waɗanda da gangan iyayensu suka zaɓi asibiti mai nisa don kar a gan su, su ne suka fara ɓacewa. Binciken ƙasa kan HIV na 2018, wanda ake kira NAIIS, ya ce kusan mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da HIV a ƙasar nan, abun da ya shafi mutane masu yawa haka bai kamata a ce zaman Asabar ɗin yara ya dogara da abun da aka yanke a Washinton ba. Anti yanzu da kuɗinta take sayo fiya wata da biskit.

Duk da haka in kina riƙe da yaro mai shan maganin nan, ko kai ne da kanka, ka tambaya a inda kake karɓa ko suna da kulob ɗin matasa ko OTZ, in babu su gaya maka asibiti mafi kusa da ke yi, ƙungiyoyin masu ɗauke da cutar irin su NEPWHAN da ta matasa APYIN su ma suna iya haɗa ka. Zuwan farko ba sai ka yi magana ba, akwai waɗanda suka daɗe suna zuwa ba su ce uffan ba kuma ba wanda ya matsa musu. Ka dai nemi a sa maka ranar karɓar maganinka ta dace da Asabar ɗin, ka kuma tambaya tun farko su rubuta a fayil cewa ba ka yarda a zo maka gida ba sai dai a kira waya. Ni abun da ke gabana yanzu shi ne komawa layin manya, can ba Anti, ba kujeru biyu, likita minti uku ne ya sallame ki, na roƙa a bar ni in dinga zuwa a matsayin camfiyon an ce sai an ga yadda kuɗi ya kasance.